Kawu Ilu Ya Bar wa Gara Makulli

Ku da kuka san Kawu Ilu, ku faɗi tsakaninku da Allah: akwai wanda ya taɓa ganin rigarsa a goge? Babu! Rigar nan tasa mai ruwan ƙasa kullum kamar daga bakin saniya aka zaro ta. Amma duk ranar Asabar da hantsi, in ka biyo ta ƙofar gidansa, za ka tarar da shi a zaure ya shimfiɗa bargo, ya hura gawayi a dutsen guga, yana goge jarida. Jarida fa, jama'a! Shafi bayan shafi, yana yi yana busa toka, yana ɗan tofa yawu a gindin dutsen don ya ji ko zafin ya yi daidai. In ka yi sallama zai amsa, amma ba zai ɗago kai ba sai ya kai ƙarshen shafi. Inna Rabi, matarsa, ta taɓa lallaɓowa ta ajiye masa rigar Juma'a a gefe, ko Allah zai sa ya haɗa da ita. Ya dubi rigar, ya dube ta, ya ce, "Rabi, riga in ta yamutse jiki zai miƙar da ita. Wannan baiwar Allah wa zai miƙar da ita in ba ni ba?"

Kawu Ilu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwarta. Masinja ne a wani ofis nan cikin Daura har ya yi ritaya, kuma a can ciwon jarida ya kama shi. Manya su karanta jarida su yar, shi kuma ya bi ya tsince, ya naɗo a bayan keke. Ta Hausa, ta Turanci, duk ɗaya ne a wurinsa, ko da yake Turancin sai ya bi da yatsa yana motsa baki. Kafin a ankara ɗakin da ke jikin zaure ya cika. Ya jera bulo, ya ɗora katako, ya jibga su shekara-shekara, tsakanin kowane ɗauri da busasshen ganyen darbejiya, ƙasa kuma ya zagaye da toka saboda gara. In ka tambaye shi amfanin wannan wahala, amsarsa ɗaya ce, kun kuma san ta: "Abin da bai shiga takarda ba, hira ce."

To, yau kwana arba'in da 'yan kai da rasuwarsa. Yana kwance a ciwon ajali ya zaro makullin ɗakin nan daga ƙarƙashin matashi, ya miƙa wa Inna, ya ce, "A ba Gara." Na ga wasunku sun fara dariya. E, ni ne Gara. Shekara ashirin da wani abu da wannan sunan yake kirana, kuma tsawon shekarun nan ƙafata ba ta taka ɗakin ba. Makon jiya dangi suka zauna suka ce damina ta matso, rufin ɗakin yana yoyo, magini zai zo ranar Juma'a, dole a kwashe komai. Ɗanjuma mai tsire kuwa sau uku yana zuwa gaisuwar mutuwa, bakinsa na "Allah ya jiƙan rai", idonsa na kan ƙofar ɗakin. Aka ce tunda ni aka bar wa makulli, ni zan yanke abin da za a yi da jaridun. Wallahi ni ba su ne suka tsaya mini a rai ba. Abin da ke cina a lokacin shi ne Kawu ya tafi bai taɓa buɗe baki ya ce ya yafe mini ba. Zan zo kan laifin nawa, ba gudu zan yi ba, amma bari in fara tuna muku ko wane ne na yi wa laifin.

Kun tuna Tasalla mai ƙosai ta bakin tasha? Wata safiya Inna ta aike shi sayen ƙosai, don ranar koko kawai ta dama. Tasalla ta ƙunsa masa a yagin jarida. Kawu bai ko matsa daga gaban kaskon ba ya kware ƙunshin, ya ture ƙosan gefe da yatsa, ya hau karatu. Labarin wani sa ne da ya faɗa rijiya a wani ƙauye. An taru, an kawo igiya, an zura mutum, sai takarda ta ƙare.

"Tasalla, ina ragowar?"

"Ragowar me, Malam? Ai na cika maka, har da gyara."

"Ragowar takardar nake nufi!"

"Au, ita? Yanzun nan na ƙunsa wa wani mai jar hula."

"Ina ya nufa?"

"Na ga ya yi wajen Kusugu."

Kawu ya haye keke. Mutumin da ko kiran salla ba ya sa shi sauri, ranar har kaji ya tarwatsa. Ya cim ma mai jar hula a gindin wata bishiya ya zauna zai karya kumallo. Ya yi sallama yana haki, ya ce, "Bawan Allah, ba ƙosanka nake so ba, takardar za ka ba ni." Mutumin nan ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙara damƙe ƙunshinsa. A ransa ya ce duk takardar da dattijo zai biyo da gudu haka, lalle akwai wani sirri a cikinta. Aka yi ta ja-in-ja. Daga ƙarshe Kawu ya juye masa ƙosansa kaf, ya karɓi yagin takarda sharkaf da mai, ya dawo gida fuskarsa fal murna. Inna na zaune da kwanon koko ya huce, ta ce, "Malam, ina ƙosan?"

Ya ce, "Rabi, ki yi hamdala. An ciro san da ransa."

Haka muka sha koko gaya ranar, shi kuwa har ƙari ya nema.

Sai kuma ranar da suka kwashi gardama da Alhaji Mati dillalin shanu a majalisar gindin ɗorawa. Magana ce a kan hanyar Baure: kafin shekarar fari aka zuba mata kwalta, ko bayanta? Kawu ya ce kafin. Alhaji Mati ya ce, "Haba Ilu, ni da na kora shanu a kanta tana jar ƙasa? Bayan ne!" Kawu ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce, "Kowa ya zauna inda yake." Ya tafi gida, ya dawo da jarida a cikin riga ya rungume ta. Kafin ya buɗe sai da ya sa masu cin goro suka ja da baya, ya ce wanda bai wanke hannu da sabulu ba kada ya ko nuna ta da yatsa. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara karantawa da ƙarfi. Layi na farko da ƙarfi. Na biyu murya ta ɗan sauka. Na uku sai leɓe kawai ke motsi. Can ya ninke ta a hankali ya mayar cikin riga.

Alhaji Mati ya ce, "To, me ta ce?"

Kawu ya ce, "Takarda ba ta ƙarya. Amma wanda ya buga wannan, da gani bai taɓa zuwa Baure ba."

Majalisa ta kwashe da dariya, har wani ya ƙware da goro. Kawu ya ja kekensa ya tafi. Washegari da Alhaji Mati ya zo zama, sai ya tarar da fararen goro manya guda biyu ƙunshe a ganye a kan buzunsa. Bai tambayi wanda ya ajiye ba, Kawu ma bai ce shi ne ba. Haka yake, ba ya ba da haƙuri da baki. Ina wurin aka yi wannan, na gani da idona, amma ban ɗauki darasin ba.

Yanzu ga laifina. Lokacin muna samari, zamanin kaset, sai waƙar hip-hop ta shigo mana gari, wadda wasu ke kira gambarar zamani. Direbobi ke kawo kaset ɗin daga Kano, mu kuma mu yi ta juyawa har zaren ya saki. Mu uku muka haɗu: ni, da Sabo, da Nura Dogo. Muka sa wa kanmu suna 'Yan Ƙarangiya, wai maganarmu in ta kama mutum ba ta sakinsa. Muka je gwanjo muka sayo wanduna waɗanda mutum biyu za su shiga su yi hira, da hular sanyi a tsakiyar bazara, gumi na zuba muna cewa gayu ne. Ba mu da kayan kiɗa. Sabo ne ke yin ganga da baki yana dukan ƙyauren zaure, ni da Nura muna jero baiti daga littafin makaranta mai layi. Baiti fa ba na wasa ba, shafi biyu cur kafin a numfasa. Zaman mako guda mukan yi a kan layi huɗu.

Ranar farko da Kawu ya ji mu, fitowa ya yi da buta a hannu.

"Lafiya? Wa ake yi wa faɗa?"

"Waƙa ce, Kawu."

"Waƙa? Ina kalangun? Ina 'yan amshi? Kai kuma Sabo, me ƙyauren ya yi maka?"

Muka ce ya dai saurara. Ya tsaya, ya karkata kai, muka sako masa wadda muke ji da ita, a kan famfon unguwarmu da ya ƙafe:

"Famfon unguwarmu shekara goma,
Ba ɗigon ruwa, ina za mu koma?"

Ya ɗaga hannu kamar ɗan sandan hanya. "Tsaya! Yanzu na gane. Wannan ai jarida ce kuke karantawa da gudu kamar kare ya biyo ku. To amma shekara nawa kuka ce?"

"Goma, Kawu."

"Ƙarya ne. Bakwai."

Ya shiga ɗaki, ba a jima ba ya fito da wata jarida, ya buɗe shafin wasiƙu. Ga wasiƙar wani mai suna Ilu daga Daura yana kukan famfo ya daina zuwa. Ya sa mu muka ƙirga shekarun da yatsa. Bakwai cif.

Na ce, "Kawu, bakwai ba za ta hau ba. Goma ce ke tafiya da koma."

Ya ce, "Wannan kuma matsalarku ce. Ko waƙa ce, ba a ƙarya a zaurena."

Nura ya fara ƙunƙuni. Kawu ya juya zai shiga gida, sai ya waigo ya ce, "Ku da kuke taƙama da baki, bakwai ta gagare ku? Ku ce babu ruwan da zai dafa ƙwai mana." Ya shige abinsa. Muka dubi juna. Sabo ya daki ƙyaure, na gwada:

"Famfon unguwarmu shekara bakwai,
Babu ruwan da zai dafa ƙwai."

Jama'a, ku ne shaida. Da kaset ɗin ya fito, duk baitocin da muka sha wahala a kansu ba wanda ya riƙe. Wannan na ƙwai shi yara ke rerawa a hanyar makaranta, shi 'yan ga-ruwa ke yi suna tura kura, shi mai shayi ke sakawa yana fasa ƙwan. Layin da ya fi kowane tashe a waƙarmu, dattijo mai buta ne ya jefo shi yana tafiya.

Amma kafin kaset ya fito sai da na tafka ta'asar. Mun je Kano wurin wani mai fiyano mun ɗauki murya, saura bango. Muka ga wani bangon kaset da aka yi sunansa da haruffan da aka yanko daga jarida, aka manna, aka yi hoto. Nura ya ce, "Kai da gidanku ke da rumbun jarida?" A lokacin ina da makulli, don ni ke taya Kawu sauya ganyen darbejiya. Na shiga da rana yana masallaci. Na duba na kan katako, duk sun yi ja. Sai na buɗe wata adakar ƙarfe a lungu, na ga wasu a killace, fes da su. Na zaɓi mai manyan haruffa, na sa reza na ƙwaƙule abin da nake so, na mayar da ita can ƙasa. A wautata wai ba zai lura ba. Mutumin da ya bi yagin takarda har Kusugu!

Asabar na zuwa na ji, "Aminu, zo nan."

Na tarar da shi a zaure, dutsen guga na hayaƙi a gefe. Ya ɗaga jaridar da hannu biyu, rana na ratsowa ta ramukan. Ya leƙo ni da ido ɗaya ta cikin rami guda, ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Shekara da shekaru ina yaƙi da garar ƙasa. Ashe tawa garar a kwanona take cin tuwo."

Na durƙusa na fara rantse-rantse. Bai saurare ni ba. Ya juya bayan jaridar, ya nuna mini kusurwa. Rubutunsa ne da biro, ƙanana: "Ranar da Hadiza ta haifi ɗa namiji." Hadiza ita ce mahaifiyata. Ashe duk haihuwar da aka yi a danginmu sai ya nemi jaridar ranar ya ajiye a adakar nan.

Ya ce, "Ranar nan ba a kawo jarida ofis ba. A ƙafa na je tasha na jira motar Kano har la'asar. Cikin duk abin da ke ɗakin nan, kanka ka zaɓa ka yanka."

Ya miƙo hannu. Na sa masa makulli. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi hakan da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar na zama Gara. "Gara, an kira salla." "Rabi, zuba wa Gara tuwo, kada ta koma kan katako." Na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, na turo Alhaji Mati, na turo liman. Amsarsa kullum, "Haƙuri ba ya toshe rami." Ranar ɗaurin aurena shi ne wakilina. Gaban jama'a, liman na jira, Kawu ya gyara zama ya ce, "Muna nema wa ɗanmu Gara... wato Aminu." Har yau surukaina in sun so tsokana haka suke gaishe ni. Tun kafin auren ma, da kaset ya fito na kai masa guda da hannu biyu. Ya dubi bangon, ya ga haruffansa, ya ce, "Ba ni da lokacin hira," ya ci gaba da guga. Na fita na zauna a bayan gida, ni da gemu ya fara fitowa, na yi kuka.

Shekaru suka tafi. Ƙarangiya ta watse. Sabo na sayar da taki a Sandamu, Nura na jan babbar mota, ni kuma na buɗe shagon cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa. A kujerar nan na zauna na ga waƙar da muka sani ta sauya kama a gabana. Yanzu yaro a ɗakin uwarsa zai ɗauki murya da waya, inji ya gyara masa, kafin magariba an ji shi a ƙasashen da bai san sunansu ba. Mu sai mun shiga mota mun kai kaset da hannu. Ba zan yi musu hassada ba, sautinsu ya fi namu tsabta nesa ba kusa ba, akwai masu fasaha a cikinsu, har 'yan mata na yi, abin da a zamaninmu ko a mafarki. Amma waƙar ta gajarce. Layi huɗu ne a yi ta maimaitawa don a samu na rawa a bidiyo, wata guda an manta an koma wata. Ba mai zama mako guda a kan famfo.

Bara waccan Kawu ya biyo ta shagon, ya jingine keke, wai inuwa yake nema. Wata sabuwar waƙa na tashi a sifika. Ya saurara, ya yamutsa fuska.

"Gara, wannan mutum ne, ko akuya ce ta sa kai a gwangwani?"

"Mutum ne, Kawu. Inji ne ke gyara muryar."

"To a bar injin ya yi waƙar mana, yaron ya tafi gona. Me yake cewa?"

"Yana cewa motocinsa uku, kuɗi sun gaji da shi."

"Ɗan wane ne?"

"Ɗan Malam Audu mai faci."

"Wanda na gani jiya yana tura babur ba mai?"

Duk shagon aka fashe da dariya. Kawu bai yi ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ku dai a zamaninku, ko ba daɗi, abin da ke damun unguwa kuke faɗa." Na ɗago na dube shi. Shekara ashirin ban ji abin da ya yi kama da yabo daga bakinsa ba. Sai ya ƙara da cewa, "Sa mini taku in ji."

Nan fa ido ya raina fata. Na sunkuyar da kai na gaya masa gaskiya. Kaset ɗina rediyo ta cinye. Wanda na juya a faifai ya karce. Na kwamfuta ya tafi ranar da kwamfutar ta mutu. Na je har Sandamu wurin Sabo, ya kai ni gonarsa ya nuna mini zaren kaset ɗinmu a ɗaure jikin karan gero yana walƙiya, yana korar tsuntsaye. Mun taɓa zama mu ukun da salla muka gwada haɗo ta da ka. Baiti na farko ya zo rabi, na biyu kowa da abin da yake tunawa, na uku ko kalma. Abin da ya rage a duniya shi ne layin ƙwai.

Kawu ya ɗauki kekensa, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Abin da bai shiga takarda ba, hira ce." Ya tafi. Ban ɓoye muku ba, ranar na ji haushinsa har cikin raina. Na ce wannan tsoho ba zai taɓa sassauta mini ba.

Shi ya sa da Inna ta ba ni makullin nan na ɗauka tsokanarsa ce ta ƙarshe. Na yi ta jan ƙafa har ranar Alhamis da safe, ana gobe magini zai zo. Ina isowa na tarar da Ɗanjuma a ƙofar gida da baro. Ya ce, "Taya ka aiki kawai na zo yi, Malam Aminu." Na ce masa sannu da zumunci. Na sa makulli, na tura ƙofa. Ƙamshin nan na tsohuwar takarda da darbejiya ya bugo ni, sai na ji kamar zan ji muryarsa a bayana. Ban taɓa komai ba, ƙafata ta kai ni wurin adaka.

Na buɗe, jaridar da na yanka tana nan a sama, ba a ƙasa inda na cusa ta ba. A goge sumul. Na ɗaga ta saitin taga, rana ba ta ratso ba. Kowane rami an manna masa farar takarda ta baya, an sake zana harafin da biro, a hankali, daidai girman na asali. A ƙarƙashinta ga bangon kaset ɗinmu. A ƙarƙashin bangon ga littafin makaranta mai layi. Na buɗe.

Waƙarmu ce. Baiti uku cif, tun daga sallama har rufewa, da rubutun Kawu. Har da gyare-gyare da jan biro a gefe. Wani wuri ya rubuta, "Nan Nura ya haɗiye magana, Allah kaɗai ya san me ya ce." Wani wuri, "Wannan gaskiya ne." A gefen layin ƙwai ya ja layi biyu ya rubuta, "Nawa ne." Ina dariya, hawaye na ɗiga, ina kare littafin da hannu kada ya jiƙe.

Inna ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Ka gani ko? Ni ya aika na sa aka sayo masa kaset ɗin, ya ce in na faɗa maka bai yafe ba. Mako uku yana kulle a nan da rediyo. Ya saurari layi ɗaya, ya kashe, ya zaro kaset ya juya da biro don kada batir ya ƙare. Ina jiyo shi yana faɗa shi kaɗai, 'Yaran nan ba sa numfashi ne?'"

Na ce, "Inna, ya san ta ɓace mini. Me ya hana shi ba ni?"

"Na ce masa, Malam, ka ba yaron nan abinsa. Ya ce, 'In na ba shi yanzu a waya zai zuba ta, ta sake mutuwa. Bari ya yi hankali tukuna.'"

Na juya shafin ƙarshe. Layi biyu ne kawai, da baƙin biro, tawadar ta tsufa har ta fara komawa ja:

"Gara ta ci jaridar haihuwarta, an toshe. Na yafe mata tun ranar, amma kada a gaya mata, za ta sake."

Na daɗe a zaune a kan adakar nan. Can na fito na ce, "Ɗanjuma, kawo baron." Ya taho da sauri, baki har kunne. Muka loda ɗauri na farko, ya kama hannun baro ya juya wajen tukubarsa. Na ce, "A'a, ba nan ba. Gidana za ka kai, ɗakin baƙi. Kuma ka wanke hannu da sabulu." Wuni muka yi muna jigila. Allah ya saka masa, bai gudu ba, ko da yake tun sawu na biyu ya daina yi mini magana. Maiɗakina ta tsaya a tsakar gida ta riƙe haɓa, ta ce, "Shi ke nan, ciwon ya yi gado."

Jiya Asabar na karɓo dutsen gugar daga wurin Inna. Na shimfiɗa bargo, na hura gawayi, na ɗauko jarida ta farko. Ban iya gwada zafin ba. Ina ɗorawa gefen shafin ya yi baƙi, ƙauri ya tashi. Wallahi ban san lokacin da na waiga ba, ina jiran a ce, "Gara!" Ba kowa a zauren sai ni.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Yadda ka bi ramukan da na yi ɗaya bayan ɗaya ka toshe ba ka gaya wa kowa ba, Allah ya toshe naka kurakuran, ya rufa maka asiri. Allah ya ba ka littafinka a hannun dama, a miƙe, ba yamutsi ko ɗaya. Ya haɗa ka da Hadiza a Aljanna, ya ba Inna haƙurin rashinka. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.